Miyar Kuɓewa a Tsakiyar Alƙahira

Ɗakin da aka sauke mu a Alƙahira taga ɗaya gare shi, ita ma bangon wani bene take kallo. In ka miƙa hannu sai ka taɓa ginin maƙwabta. Gadaje biyu ne a ciki, tsakaninsu bai wuce a shimfiɗa dardumar sallah ba, ga fanka a sama tana juyawa tana kuka kamar an sa ta dole. A nan aka ajiye ni da surukina, mahaifin matata, aka ja mana ƙofa.

Ba ni aka shirya wa tafiyar ba. Lawal, ƙanen maiɗakina Hindatu, shi ya kamata ya rako mahaifinsa, sai fasfo ɗinsa ya maƙale har lokacin da asibiti ya ba mu ya ƙarato. Aka duba dangi kaf daga Kaikai har cikin Kusada, aka ga ni kaɗai ke da fasfo a hannu, wanda na yi don wata Umara da ba ta yiwu ba. Ga shi kuma ana yi mini kallon mai Larabci don na yi Islamiyya. Na ɗauki hutu a sakatariyar Kankiya inda nake aiki, na bi Baba. Ciwonsa a wuya yake. Likitocin gida sun ce ƙashi ne ya danne jijiya, shi ya sa yake jan ƙafa, in ba a yi aiki ba wata rana zai kwanta ya kasa tashi. Sai da aka kaɗa shanunsa kasuwa kafin tafiyar ta yiwu, kowa kuma ya san babu wasu shanun a bayansu.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun da na auri Hindatu ban taɓa miƙa wa Baba hannu ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi ma ban taɓa ganin ya kai wani abu baki ba. Hindatu 'yar fari ce, sunanta ma ba ya faɗa balle nawa. "Mutumen Kankiya" yake ce mini. To yau ga mu a ɗaki ɗaya, in na yi juyi ya ji, in cikina ya yi ƙugi ya ji. Tari ma sai na fita waje nake yi. Ban taɓa shiga kurkuku ba, amma ina jin ko can mutum yana iya miƙe ƙafa ya sosa cikinsa.

Da abinci muka fi shan wuya. Sai in sauka ƙasa in sayo, in jera masa a kan tire tare da shayi da madara, in ce, "Baba, ga shi nan," in fice. Nawa a kan matakalar bene nake ci, kamar wanda aka kora daga gida. In na ga an jima sai in yi gyaran murya a bakin ƙofa in shiga. Kullum abu ɗaya nake tararwa. Kofin shayi wayam, abinci kuwa an ɗan tona shi ta gefe an bari, ga 'yan ƙwayoyin shinkafa a ƙasa.

"Alhamdulillahi. An gode, mutumen Kankiya. Ɗauke."

"Baba, ko a sake wani? Akwai kaza a ƙasa."

"A'a, na ƙoshi. Allah shi yi albarka."

Wa ya isa ya ce wa surukinsa ƙarya yake yi? Sai in ɗauke.

Mai yi mana jagora wani ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, kowa Ustaz yake ce masa. Sana'arsa ke nan, tarbar marasa lafiya a filin jirgi ya raba su ɗakuna da asibitoci. Shi ya rantse mana tun muna gida cewa masaukinmu na kallon asibiti, muka zo muka tarar sai an shiga mota an ƙetare kogi. Ranar da likita ya duba Baba, yana cewa a cire riga na yi waje, na bar Ustaz a ciki yana tafinta. Da aka gama likitan ya kira ni. Ya yi ta zuba Larabci irin nasu, wanda bai haɗa hanya da na Islamiyyarmu ba, yana nuna ni, yana kai hannu baki.

Ustaz ya ce, idonsa a kan waya, "Ya ce jininsa ya yi ƙasa, jikin ba ƙarfi, ba zai sa masa wuƙa a haka ba. Ya ce ka ciyar da shi. Ka ciyar da shi sosai. Ku dawo ranar Litinin ta sama a sake awo. In bai ƙaru ba, sai dai ku koma gida, wata shekarar ku dawo."

Raina ya sosu. Ni za a ce wa in ciyar da shi? Ni da nake hawa da sauka da tire har mai gadi ya fara tausayina? A Hausar da na sani, in an ce magidanci ya ciyar, ai cefane ake nufi. Na ƙudura a raina zan ninka cefanen. Bizarmu kuwa ta kusa ƙarewa, kuma ni da Baba mun san babu wata shekarar da za mu dawo. Ustaz ya rako mu bakin titi, ya karɓi sallamarsa. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Babu abin da ban sayo ba a kwanakin nan. Na sayo dafaffen wakensu da gurasa, na sayo gasasshiyar kaza, na sayo kifi, na sayo wani haɗin shinkafa da taliya da suke ji da shi, har tantabara mai shinkafa a ciki na kawo. Duk a banza. Baba na ta zabgewa a gaban idona, hularsa ta fara yi masa yawa. In Hindatu ta kira ta ce, "Yana dai ci ko?" sai in ce da sauƙi. Ina kashe wayar sai in zauna a matakala in rasa inda zan sa kaina. Ba ni da ikon matsa masa, ba ni da wanda zan aika ya matsa masa, ba ni da harshen da zan koma in tambayi likita.

Mai gadin benen wani dattijo ne mai katuwar jallabiya. Ganin kullum a matakala nake cin abinci, sai ya ɗauka faɗa muke yi da Baba. Wata rana har ya kama hannuna zai kai ni in ba da haƙuri. Na haɗa ɗan Larabcina na ce masa ba faɗa ba ne, kunya ce, uban matata ne. Ya dube ni, ya dubi sama, ya tafa hannu. Ina jin har yau bai gane ba. Amma ya kawo mini shayi mai na'ana'a, kuma da hannu da ƙafa ya fahimtar da ni cewa mara lafiya ba ya cin abinci a ɗaki mai kallon bango. In kai shi tsakiyar gari ya ga mutane, ya shaƙi ƙamshi, cikinsa zai buɗe.

Ranar Alhamis bayan mun yi magariba na tsuguna na faɗa wa Baba. Na zaci zai ƙi. Sai ya ce, "To, mu je mu ga garin ga." Ya zura babbar rigarsa, ya ɗauki sanda.

Na gaya wa mai tasi, da Larabci mafi kyau da nake da shi, ya kai mu wurin abinci mai natsuwa, don tsoho mara lafiya. Ya buga ƙirji ya ce ya san wurin. Ya yi ta zagaye da mu, bai tsaya ba sai bakin kogi, gaban wani jirgin ruwa mai fitilu kala-kala. Tun daga waje ake jin kiɗa, ga hoton wata mata a bakin ƙofa wadda tufafinta ba su isa a yi wa jariri hula ba. Mai tsaron ƙofar ya taho yana gaisawa da direban kamar ɗan'uwansa. Baba ya leƙa sau ɗaya ya ce, "A'uzubillahi," ya mai da kai. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Da na ƙi sauka, direban ya juya yana ta masifa, ya zube mu a wani shataletale a tsakiyar gari ya yi gaba.

Ban taɓa ganin mutane haka ba, ko ranar kasuwa ana gobe Sallah. Shagunan tufafi a jere sun haske titi, motoci ba sa tsaya wa kowa, kowa na tafe yana magana da ƙarfi. Nan ma wata matsalar ta taso. Ban saba shiga gaban Baba ba, shi kuma bai san hanya ba. In na wuce gaba sai in ji na yi rashin kunya, in na koma baya sai ya tsaya yana jirana. Haka muka riƙa tafiya a karkace, yana jan ƙafa, ina tare masa mutane da kafaɗa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Wurin da zan zaunar da shi ya fuskanci bango, ni kuma in raɓe inda ba zai gan ni ba, amma ba zan yi nisa da shi ba. Na farkon da muka tarar masu yankan nama ne a jikin ƙarfe mai juyawa, kowa a tsaye yake ci a bakin titi, mai na bin hannu. Dattijon da ake tashi a ba wuri a masallacin Kaikai ba zai ci abinci a tsaye ba. Na gaba mai gilasai ne, tebura ƙanana, kowanne kujeru biyu suna kallon juna da kyandir a tsakiya, sai ka ce ango da amarya aka shirya wa. Ina hango kaina da Baba a wurin na ja da baya. Wani kuma hayaƙin shisha ya turnuƙe shi, matasa na ihun ƙwallo. Wani benci ne dogo, a cusa ka tsakanin mutane gwiwa na gugar gwiwa, ma'aikacin wurin har ya kamo hannun rigar Baba yana ja, sai da na daka masa tsawa da Hausa.

Duk inda na leƙa sai in dawo in ce, "Baba, mu ɗan ƙara gaba."

Shi kuma ya ce, "To."

Tun yana cewa to da baki har ya koma ɗaga kai. Can na waiga na gan shi ya jingina da bangon wani shagon takalma, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na fito da shi don ya ci, ga shi ina neman in kayar da shi a titi. Komawa ɗaki babu amfani, gaba kuma ban san me ke can ba. Na tuna war haka a Kankiya ina zaune a ƙofar gida, Hindatu ta aiko da tuwo, duk wanda ya gitta ya san sunana. Wallahi da ni kaɗai ne da na zauna a bakin titin nan na yi kuka.

Na ja shi muka shiga wani lungu don ya huta daga turereniya. Mun ɗan taka kaɗan sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai.

"Mutumen Kankiya, hancina ne, ko kuɓewa nake ji?"

Ita ce. Busasshiyar kuɓewa, har da ƙamshin tuwon dawa. Muka bi ƙamshin zuwa wata 'yar ƙofa. A ciki baƙaƙen mutane ne irinmu, da fararen riguna da rawuna, suna ci da hannu. Gidan abincin mutanen Sudan ne. Tunda muka zo ƙasar, wannan ne karo na farko da Baba ya nuna yana son wani abu. Ya ce, "Nan."

Mai wurin wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura a gemu. Ya dubi hular Baba, ya washe baki ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," da wata Hausa mai nauyi. Ashe kakanninsa mutanenmu ne, sun taso aikin Hajji a ƙasa suka yada zango a Sudan, ba su ƙarasa komawa ba. Na ja shi gefe na ce masa surukina ne. Bai bari na ƙarasa ba ya yi dariya, ya ce kakarsa ta rasu ba ta taɓa cin abinci a gaban mijin 'yarta ba. Ya kai Baba can ƙurya ya zaunar da shi yana kallon bango, ni kuma ya ba ni tebur kusa da ƙofa, na juya wa ƙuryar baya. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Aka kawo tuwon, mai laushi, miya ta kewaye shi, da ɗan busasshen nama a ciki. Lomar farko da na kai sai da idona ya kawo ruwa. Na ce yau kam Baba zai ci. Na ɗaga kai ina hamdala, sai idona ya faɗa kan wani dogon madubi da aka manna a jikin bango don wurin ya yi kamar yana da faɗi. A cikinsa ga Baba, ta gefe, shi da kwanonsa. Na yi maza na sunkuyar da kai. Amma na riga na ga abin da ya sa na sake ɗagowa.

Hannunsa na dama yana cikin tuwon, yatsun sun ƙi haɗuwa. Yana tura su, suna zamewa. Da ƙyar ya kwaso ɗan kaɗan a bayan yatsun, ya tallafo gwiwar hannun da na hagu, ya sunkuyo da baki. Kafin ya kai, tuwon ya sulale ya faɗa a kan rigarsa. Ya sake, ya sake zuba. Ya tsaya yana kallon kwanon. Ya lashi ɗan abin da ya maƙale a yatsansa, ya daɗe bai cire ba. Daga nan ya goge rigar da sauri, ya ja hannun babbar riga ya rufe hannun, ya ture kwanon gefe.

Sai a lokacin na gane abin da likitan nan yake nufi da yake nuna ni yana kai hannu baki. Ba cefane yake nufi ba. Duk kwanakin nan ina fita in ba Baba wuri don girmamawa, ashe barin sa nake yi shi da abinci a gaba, yana kallo yana jin yunwa.

Na zauna tuwon na sanyi a hannuna. In na tashi na je, ya san na kalle shi, na tona abin da ya yi ta rufewa, kuma har abada ba zai sake zama a gabana yadda yake zama ba. In na yi kamar ban gani ba, mutuncinsa na nan, ranar Litinin kuma a sallame mu, in mai da shi Kaikai ya jira ranar da zai kwanta. Na nemi hanya ta uku ban samu ba. Na tashi na wanke hannu a famfo, na wanke, na sake wankewa, don dai in ja lokaci. Sannan na je na tsuguna a gefen kujerarsa.

"Baba."

"Alhamdulillahi. Miyar ga ta yi daɗi. Ɗauke."

Ban ɗauke ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Na gani. Akwai madubi."

Da ya yi magana, bango yake kallo.

"Tun damina yatsun suka bar jin magana. A gida uwar yaran ke ba ni, ƙofa a rufe. Ko Lawal bai sani ba. Na ce in an yi aikin shi ke nan, ba wanda zai ji. Hagun ma na gwada, kofi kawai take iya riƙe mani."

"Baba, ranar Litinin..."

"Na sani."

"Ka ɗauka Lawal ne."

"Kai ba Lawal ba ne," ya ce. "Kai mijin ɗiyata ne."

Gaskiya ya faɗa. Na dai jawo kwanon, na yi bisimilla, na yanko loma na dangwalo miya, na riƙe. Mai wurin ya hango mu. Ya jawo kujera ya zauna tsakaninmu da sauran mutane, ya ba mu baya, faɗin rigarsa ya tare ƙuryar.

Baba ya dubi lomar, ya kau da kai. Can ya ce, "To ka rufe idonka."

Na ce, "Baba, in na rufe a hanci zan sa maka."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, wadda ban taɓa ji ba tunda na shiga gidansu. Ya girgiza kai ya ce, "To ni bari in rufe nawa." Ya rufe ido, ya buɗe baki.

Haka na ba shi, loma bayan loma, ina goge masa gemu da bayan hannuna. Hawaye na fitowa ta ƙarƙashin rufaffen idon suna gangarowa, ni ma nawa na zuba. Da kwanon ya ƙare, bai buɗe idon ba ya ce a hankali, "Akwai saura?" Na tashi na ɗauko nawa.

Daga ranar can muka koma, rana da yamma, ƙuryar nan tamu ce. Ranar Litinin jinin bai kai yadda ake so ba, amma likita ya ga ya motsa, ya ƙara mana 'yan kwanaki. Aka yi aikin ana saura ƙiris bizarmu ta ƙare. Kafin mu baro ƙasar Baba ya fara riƙe cokali, ko da yake rabi na zuba.

Da muka dawo, Hindatu ta tambaye ni yadda aka yi ya fara cin abinci. Na ce mata miyar kuɓewa muka samu. Washegari na je Kaikai gaisuwa. Na tuɓe takalmi daga nesa na tsuguna kamar kullum, Baba ya amsa kamar kullum. Na wuce ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyar Hindatu, wadda tsakanina da ita bai taɓa wuce "lafiya lau" daga bayan labule ba. Na gaishe ta, ta amsa. Na yunƙura zan tashi sai na ji labulen ya motsa, ta ce, "Na ga ya dawo da kumatunshi." Ta ƙara da cewa, "Allah shi ba ka mai yi maka."